Fatar ta saɓule, Dogo

Assalamu alaikum Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amarya da su Inna. Na san ka yi fushi, wata uku ban ce maka uffan ba. Ka yi haƙuri. Bari in fara sauke abin da ke cikina, don tun ranar Asabar na kasa zama wuri ɗaya.

Fatar ta saɓule! Na san yanzu ka ajiye wayar kana cewa wai fatar me kuma, to saurara.

Ka tuna gansakukar da na ce maka ina nema a dazukan Cairngorms, nan Sikotland? Kada ka kawo ta bakin randar Gwaggo a ranka. Wannan sunanta Buxbaumia, kuma kusan ba ta da ganye sam. Abin da ido ke gani ɗan ƙwanso ne a kan siririn kara mai kaushi, duka-duka bai kai santimita 2 ba, ya karkace gefe kamar ƙwaro ya sauka a kan tsinke. Wani Bajamushe, Johann Christian Buxbaum, ya fara tsintarta kusa da Astarakan, bakin kogin Bolga a Rasha, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Iri biyu ne kawai a Turai, aphylla da viridis, kuma rabe su shi ne ya hana ni barci.

A watan Nuwamba na tarar da guda uku a kan wani ruɓaɓɓen gungume, irin wanda in ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar soso. Malamarmu ta durƙusa ta duba da gilashin ƙara girma, ta ce kada in yi gaggawa. Gaskiya ne viridis ta fi son ruɓaɓɓen icce, aphylla kuma ƙasa mai tsami, amma jefi-jefi ita ma takan hau icce. Kuma da ɗanyensu duk kore ne. Ga shi ba damar cirewa in kai ɗakin bincike, don dokar 1981 ta kare viridis a ƙasar nan. Sai jira.

Af, kafin in manta, wai da gaske Ɗan Autan gidanku ya sayi babur? Yaron da ko keke sai an riƙe masa! Kai ma da ka ba shi kuɗin sai ka bi shi da addu'a. Kuma na ga hoton ɗaurin auren, tumbin nan naka ya fara rigan ka shiga ɗaki.

To, jiran nan ya ba ni wuya. Na koma a Fabrairu cikin sanyin da ke tsaga ƙashi, na tarar biyu sun tafi, sai karan tsirara. Dodon koɗin nan marar ƙoƙo ne ya cinye su, ga yauƙinsa ma a kan iccen. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, ban iya cin abinci ba ranar. Ɗaya tilo ya rage, kullum da shi nake kwana a rai.

Ga yadda ake ganewa in ya nuna. Na aphylla yakan zama ja-ja mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, bayansa a baje, da wani ɗan layi mai tudu da ya zagaye shi ya raba sama da ƙasa. Na viridis ba ya ƙyalli, ya fi tsawo da kumburi, yakan koɗe zuwa ruwan ƙasa mai haske, sannan fatar bayansa ta tsage ta nannaɗe gefe-gefe, kamar ɓawon gyaɗar da aka soya. Akwai wani bambancin a 'yan kafofin numfashi da haƙoran bakin ƙwanson, amma wannan sai an yanka an sa a na'ura.

Ranar Asabar na kwanta rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙananan ƙudajen cizon nan nasu sun rufe min fuska, na kai gilashi. Ga fatar nan ta tsage daga sama, ta murɗe kamar tsohuwar takarda. Viridis ce! Na yi hamdala da ƙarfi har wani dattijo mai yawo da kare ya tsaya yana kallona. Na ɗauki hoto ya fi talatin, na rubuta wurin, malama ta ce za a shigar da shi cikin kundin bayanai da sunana.

Abin da ke damuna yanzu shi ne gungumen. Yana daf da hanya, wani na iya jan sa gefe don ya gyara wuri, alhali rayuwarta kaf a kan mataccen icce take. Gobe zan je in ga mai kula da dajin.

Ka gaida Inna sosai, ka ce mata kukar da daddawar sun iso, har na yi miya sau biyu. Damina ta sauka kuwa? In ta zauna, ka leƙa bayan katangar masallacin unguwarmu ta gefen inuwa, ka ɗauko min hoton duk wani koren abu da ka gani, ka matso da wayar kusa sosai.

Naka har kullum,
Abokinka na Sikotland