Labarin Duna, daga Gadarif ta Sudan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kuma zafin Jidda bai takura maka ba. Mu nan sai godiya. An gama yankan riɗi, dawa kuma ta fara nuna. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta sa ka a addu'a.

Ka tambaye ni labarin Duna, kwikwiyon da ka damƙa mini ranar da za ka kama hanyar tashar jirgin ruwa ta Sawakin. Ya girma, ya zama kare sosai, shi ke kwana da awaki a gona. Amma akwai laifin da na yi masa, kuma gara ka ji daga bakina.

Da ya kai wata bakwai sai ya fara ƙin kira. In na ce zo, ya dube ni ya ci gaba da sunsune-sunsunensa. Wata rana ya bi kajin maƙwabta, na yi ta kira har muryata ta dushe. Da ya gaji ya dawo da kansa yana kaɗa wutsiya, ni kuwa na zabga masa tsumagiya. Tun daga ranar, in ya ji sunansa sai ya maƙale wutsiya ya tsaya nesa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin amana ka ba ni.

Wanda ya warware mini shi ne wani likitan dabbobi da yaƙi ya koro daga Khartoum a 2023, yana zaune a unguwarmu. Muna shan jabana, wato gahawarmu ta nan, na ba shi labari. Ya ce: "Kai kana ganin ka doke shi ne don kaji. Shi kuwa abin da ya sani, ya zo wurinka sai ya sha duka." Ya ce kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a sakan ɗaya ko biyu da suka wuce, ba abin da ya yi ɗazu ba. Ashe da hannuna na koya masa cewa zuwa wurina haɗari ne.

Ya ba ni labarin Pavlov, masanin nan na Rasha da ya nuna kare kan fara zubar da yawu da jin sautin da ya saba ji kafin abinci, da kuma Skinner na Amurka, wanda ya nuna dabba tana maimaita duk abin da ya jawo mata alheri. Har ya ce a yankin Wales na Birtaniya an haramta kwalar nan ta wuya mai jan kare da lantarki tun 2010. Ni abin da ya faɗo mini shi ne aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda muka karanta tare a allo, inda aka yi maganar dabbobin farauta da ake koya wa daga abin da Allah Ya sanar da mu. Koyarwa aka ambata. Na kuma tuna mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi.

Sai muka soma daga farko. Tunda kalmar "zo" ta riga ta ɓaci a kunnensa, na bar ta, na koma yin fito sau biyu. Na yayyanka sharmut, wato busasshen nama, ƙanana kamar ƙwayar wake na zuba a aljihu. A tsakar gida, inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, in yi fito in jefa masa ɗaya, ko da bai motsa ba. Kwana uku ana haka, sai ga shi da jin fito yana ɗago kai. Daga nan na riƙa ja da baya taku biyu, taku biyar, har na koma bayan ɗaki. Minti biyar da safe, biyar da yamma, in tsaya tun bai ƙosa ba.

Da muka fita gona na ɗaura masa igiya mai tsawon mita 10. Ba don in fizgo shi ba, don dai kada ya ɓace. In bai amsa ba, ba na maimaita kiran, sai in juya in ruga. Kare yana son bin mai gudu, in kuwa kai ka bi shi, wasa ka buɗe masa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kaina. Ran da ya ɓata mini rai ya zo a makare, dole in tsuguna in yaba masa in ba shi namansa. Na kuma bar al'adata ta rashin kiransa sai lokacin ɗaure shi kawai. Yanzu sau da yawa ina kiransa, in ba shi, in sake shi ya koma wasansa, don kada fito ya zama alamar ƙarshen daɗi. Yara ma na hana su yin fiton a banza.

Makon jiya muna dawowa ta gefen titin Kassala, wata akuya ta ɓalle, Duna ya bi ta, ga babbar mota tafe. Na yi fito. Wallahi ya juyo a guje har yana zamewa, ya zo ya zauna a gabana. Duk abin da ke aljihuna na juye masa, hannuna na rawa. Akuyar ma Allah Ya tsare ta. Da gaskiyar masu cewa ba a fafe gora ranar tafiya, wata huɗu muka yi kafin wannan ranar.

Ina roƙonka, in Allah Ya dawo da kai, kada ka ɗaga masa sanda ko da wasa. Na san yadda muka tashi muka ga ana yi, amma zan koya maka fiton, ka gani da idonka. An yi masa allurar haukan kare, likitan ya ce a maimaita baɗi. In ka samu mai zuwa, ka aiko mini da igiyar kare doguwa mai maƙalli, tawa ta kaba ce, tana goge masa wuya.

Ka gaida mutanenmu na can. In ka je Umra, ka sa mu da ƙasar nan a addu'a.

Naka har kullum,
Amininka na Gadarif