Wasiƙa daga Damagaram kan jinyar ƙanena

Zinder, unguwar Birni

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin ka ji gaskiyar halin da ƙanena yake ciki daga bakina, tun da na san labarin ya iso maka a gutsuttsure.

Abin ya faro ne da haki da kumburin ƙafafu, har ya kai ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matasai. Da aka yi masa hoton eko, sai aka ga ruwa ya taru cikin jakar da ke lulluɓe da zuciya. A ƙasarmu tarin fuka ne ya fi kawo irin wannan, saboda haka aka ɗora shi kan maganinsa, kuma ban ga laifin kowa ba a nan. Sai dai ruwan da aka zuƙe jini ne jawur, kuma bai daɗe ba ya sake taruwa. Wannan ne ya sa aka tura mu Yamai, tafiyar kilomita kusan 900, inda sikana ta nuna ƙari a ɗakin sama na dama na zuciyar. Da aka gutsuri ɗan nama aka auna, sai aka tabbatar sankara ce da ake kira anjiyosarkoma, wadda ke tsirowa daga bangon jijiyoyin jini.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙarin da ke farowa daga zuciya ba kasafai ake ganinsa ba, kuma wajen kashi 75 cikin 100 ba mai yaɗuwa ba ne, fiɗa kawai ke raba mutum da shi. Namu kuwa yana cikin ragowar, yana saurin kaiwa huhu, sannan zuciya ba gaɓar da za a yanke yadda aka ga dama ba ce. Don haka an fara da shimiyo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, da fatan ƙarin ya motse kafin a yi maganar fiɗa ko gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, wanda ake yi a cibiyar sankara ta Yamai tun 2021.

Maganin yana wahalar da shi, gashinsa ya zube, amma yanzu yana shan fura yana kuma sallah a zaune. Zan aiko maka da hotunan sikana ta WhatsApp, ka taimaka ka nuna wa likitan zuciya a can ko zai ga damar fiɗa. Inna tana gaishe ka, tana kuma roƙon addu'arka.

Wassalam,
Amininka