Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Batun Silin ɗin Ganye da Ya Yi Ciki da Damina

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan allon silin da wasunku suka saya a wurinmu, suka dawo da kuka a watan Agusta cewa ya yi ciki, wani ma ya fara fumfuna. Mun bi gidajen mun gani da idonmu. A wani ɗaki mun danna allon da yatsa, ya lotsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Laifinmu ne, kafintocinku sun yi aikinsu daidai.

Ga inda gizo yake saƙar. Busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya muke tarawa da hunturu, mu tsince leda, mu tankaɗe yashi, mu niƙa, mu kwaɓa da sitacin rogo, sannan mu matse a inji mai zafi. Ganye ba shi da dogon zare, sitacin ne kaɗai ke riƙe da shi, shi kuwa sitaci mayen danshi ne. Gwajinmu duka da rani muka yi shi, lokacin da iskar Kano ke busar da wanki kafin a shanya na biyu. Ba mu jira damina ta yi mana hukunci ba, kuma wannan gaggawar ta dame mu ƙwarai.

Yanzu muna haɗa zaren rama a cikin kwaɓin, shi ne ya zama ƙashin bayan allon, muna kuma shafe fuska biyun da kakin zuma. Sabon allon ya kwana damina guda a rumfarmu bai motsa ba. Duk da haka kada a sa shi a banɗaki ko ƙarƙashin kwanon da ke yoyo. Kuɗinsa zai ɗan ɗaga saboda kakin.

Wanda nasa ya lalace ya zo da rasit, ko hoto a waya ma ya isa, za mu canza masa, kuɗin kafinta a wuyanmu.

Tukwanen renon shuka da muke yi kuwa ba mu canza haɗinsu ba. Su dama so ake su ruɓe a ƙasa tare da dashen.

Sai roƙo. Idan hunturu ya kama, don Allah kada ku cinna wa ganyen da kuka share wuta, hayaƙin nan masu asma ke shan wahalarsa. Ku zuba a buhu, ban da leda, ku aiko mana, za mu zo mu ɗauka mu biya.

Naku,
Masu sarrafa allon ganye, Kano