Wasiƙa daga gindin gawo

Kano, 14 ga Janairu

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyi, yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, duk ranar da na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko ka sa ranar zuwa.

Hotunan da ka turo sun iso, na ganyayen da suka koma ja da rawaya, da wanda ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidajen layinku. Sun yi kyau ƙwarai, musamman wanda ka ɗauka ta taga da asuba. Sai dai 'yar maganar da ka rubuta a ƙarƙashinsu ta tsaya mini a rai, inda ka ce a Ingila ne mutum yake ganin shekara tana juyawa da idonsa, mu a gida lokaci biyu ne kawai, damina da rani. Ban ba ka amsa ta waya ba don amsar ta fi ƙarfin saƙon waya. Shekara tara rabonka da gida, ban ga laifinka ba. Ni ma da nake zaune a nan, da ka faɗa mini haka shekara uku da suka wuce, da na ce gaskiyarka.

Ka tuna gawon nan na bayan garinmu, wanda muke kai awaki gindinsa muna jifan 'ya'yansa su faɗo? Yana nan daram. Bara na ɗauki alkawari da kaina cewa duk wata sai na je na ɗauke shi hoto, daga wuri guda, a lokaci guda. Akwai wani ɗan dutse a bakin hanyar shanu, a kansa nake tsayawa, rana tana bayana, da hantsi kafin ta yi ƙarfi. Sau goma sha biyu na je, ban tsallake ko wata ɗaya ba, har da watan azumi. Da na jera hotunan a kwamfuta sai da jikina ya yi sanyi, domin in ba don siffar rassan ba, babu mai yarda cewa gona ɗaya ce.

A na watan Afrilu ƙasa fara fat take, an share gona, jakuna sun zube taki tsibi-tsibi, ga wata 'yar guguwa can nesa ta ɗauki karmami tana juyawa da shi. Duk abin da ke cikin hoton ya bushe, sai gawo kaɗai da ke kore shar, tumaki sun taru a inuwarsa. A na Mayu shamuwa ta iso, guda biyu na samu a kan reshe, sama kuma ta fara haɗa gajimare ta gabas. Daga nan sai al'amarin ya juye. Lokacin da duniya take yin kore, shi gawo sai ya zubar da ganyensa. A hoton Agusta, tsakiyar marka, gero ya fi ni tsawo, kuka da ɗorawa sun cika da ganye, shi kuwa yana tsaye tsirara kamar wanda ya mutu. Mun san wannan tun muna yara, amma sani daban, gani a jere daban. Baba mai gonar ya ce shi ya sa ba sa sare shi: ba ya tare wa shuka rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina kauri. A hoton ma ana ganin haka, akwai wani da'ira mai duhun kore a ƙarƙashinsa. Zuwa Oktoba, an girbe gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai, sai ga shi ya fara tofo.

To ka ƙirga mini. Bazara, da farkon ruwa, da marka, da agazari mai zafin nan na kafin girbi, da kaka, da hunturu. Kowanne da sunansa a bakin kakanninmu, kowanne kuma da kalar haskensa.

Hasken ne ma ya fi ba ni wahala. Ku a can, lokacin zafi, rana takan daɗe tana jan ƙafa kafin ta faɗi. Mu a nan ba ta da wannan haƙurin. Daga la'asar sakaliya, lokacin da haske yake yin ja-ja ya kwanta a jikin katanga, zuwa kiran magariba, ɗan taƙi ne. In ba ka riga ka zaɓi wurin tsayuwa ba, kafin ka gama dube-dube ta tafi. Tsakar rana kuwa ban ma fitar da kyamara, don haske daga bisa kai yake dukan komai, ƙasa ta yi fari, inuwa ta yi baƙi ƙirin, fuskar mutum ta ɓace a ƙarƙashin malafa. Saboda haka na koma mutumin asuba. Ina idar da salla sai in ɗau jaka.

Yanzu muna tsakiyar hunturu, kuma zan faɗa maka abin da mutane suke mamaki in na faɗa: duk shekara babu lokacin da nake jira kamarsa. Kowa kuka yake da hazo, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mura ta kama yara, wani lokaci jirage ma su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ni ma ina shan wannan duka. Amma ƙurar nan da iska take kwasowa daga arewacin Chadi, daga busasshen gindin tsohon tafki, tana yi wa rana abin da labule yake yi wa taga. Haske ya yi laushi, inuwa ta daina cizo, rana ta zama farin faifai da za ka iya kallo ido da ido. Makon jiya na hau Dutsen Dala da sassafe. Goron Dutse da yake nan kusa ya koma kamar zanen toka, bayansa kuwa babu komai. Gidajen da ke ƙasa sun jeru sahu-sahu, na kusa da duhu, na bayansu da ɗan haske, na can baya sun narke cikin hazo, hasumiyoyin masallatai kaɗai suka leƙo. Hayaƙin masu ƙosai da koko yana tashi a miƙe. Na fi awa guda a tsaye, hannuna ya ƙage, ban ji ba sai da na sauko.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wayoyin yanzu ba sa barin hazo ya zama hazo. Kana dannawa sai wayar ta gyara da kanta, ta ƙara kala, ta share ƙurar, ta ba ka wata shuɗiyar sama da ba a yi ta ranar ba. Yaran da nake haɗuwa da su a kan dutse sun fi son haka, wasu ma har su ƙara wani gyaran kafin su sa a Instagram, Kano ta fito kamar wani gari na bakin teku. Ni ban yarda da wannan ba. Wanda yake nesa da gida kamarka, in na tura masa Kanon da aka wanke wa fuska, me na tura masa? Dalilin da ya sa ke nan na tara kuɗi na sayi wata kyamarar Canon ta hannu, tsohuwa ce amma tana bin umarni. In na ce ta rage haske sai ta rage, ba ta yi mini shisshigi.

Ita ma ta koya mini darasi mai tsada. Hunturun farko na canza gilashin gaba a fili, iska tana kaɗawa, ƙura ta shige ciki. Duk hoton da na ɗauka a tafiyar nan sai da ya fito da ɗige-ɗige a sama, wuri ɗaya a kowanne. Yanzu ba na buɗe ta sai a cikin mota an rufe gilasai, kuma a cikin tsohon rawani nake naɗe ta.

Ka tambaye ni ko ina fita wajen gari. Ina fita, gwargwadon hali. Wanda ya ce rani ba shi da kore, ya bi hanyar Zariya a wannan watan ya tsaya wajen Kura da Kadawa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, shi ke bin magudanai yana shayar da alkama da tumatir da albasa. Gefe guda na titi ƙasa ce ja busasshiya, ɗaya gefen kore har iyakar gani, balbelu farare suna bin masu ban ruwa. A Kwanar Gafan kuwa kwandunan tumatir ne jere, ja wur a cikin farin hazo. Wannan hoton shi ne na uku a cikin waɗanda na haɗo maka.

Tafiyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta Nguru, hunturun bara. Na shiga kwalekwale tun duhu bai gama washewa ba, muka bi ta tsakanin kacalla, ciyawar nan da ta toshe musu hanyoyin ruwa har masunta suke kuka da ita. Da gari ya fara wayewa sai tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, fiffikensu yana ƙara kamar saukar ruwa a rufin kwano. Mai tuƙa ni ya nuna mini waɗanda 'yan gida ne, ɗinya da zalɓe da kirinjijiya, da waɗanda baƙi ne da ke zuwa daga Turai in sanyi ya kore su, su ƙetare hamada su yi watanni a dausayin nan na Haɗeja da Nguru, sannan su koma. Wallahi kai na tuna. Na ce ga waɗansu daga wajen su aminina, su sun samu zuwa. Hotunan tsuntsayen ba su yi kyau ba, gilashina ba ya jawo nesa, kwalekwalen kuma yana rawa. Wanda ya fito shi ne na wani masunci a tsaye yana wurga birgi, shi da ruwan da saman duk kala ɗaya, ba ka gane inda ruwa ya ƙare.

Gurara ma, inda ruwan kogi yake zubowa daga kan duwatsu a jihar Neja, na je sau biyu, da gangan. A Satumba ruwan ja ne kamar kunun kanwa, yana ruri, feshinsa ya jiƙa ni tun daga nesa. A Fabrairu ya ragu ya yi garau, duwatsun da ya ɓoye duk sun fito.

Akwai wuraren da na haƙura da su tukuna. Na so in ɗauki Dutsen Kwatarkwashi da kaka, amma ka san halin da hanyoyin Zamfara suke ciki, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Rashin kwanciyar hankalin nan ya sa ko a inda ake zaune lafiya mutane suna tsarguwa da baƙo mai kyamara, kuma suna da hujja. A wani ƙauye na tsaya ɗaukar rumbuna da yamma, ban yi wa kowa sallama ba, sai ga matasa 'yan sintiri sun kewaye ni. Gaban mai unguwa muka je. Na nuna masa abin da ke cikin kyamarar ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu komai sai itatuwa da gajimare, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya yi mini faɗa a hankali cewa rumbu sirrin mai gida ne, ba a ɗaukarsa ba da izini ba. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Tun daga ranar, duk garin da na shiga sai na fara neman babba na gabatar da kaina, ba na ɗaga kyamara ga mace ko yaro sai an yarda, kuma in na yi alkawarin kawo hoto, ina wankowa in kai.

Baba mai gonar gawo ma na kai masa nasa, guda goma sha biyun, na sa an wanke su manya. Ya shimfiɗa su a kan tabarma ya jera da kansa, bai tambaye ni wanne ne na wane wata ba, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya daɗe a kan na Yuli. Ashe jikansa ne yake noma a can gefen hoton, ɗan ƙarami kamar ɗigo, ni ban ma lura da shi ba, yaron kuma yanzu yana Legas wajen neman kuɗi. Ya ce in bar masa wannan a sama, sauran ya sa a cikin akwati.

Ga abin da nake roƙonka. Itacen nan da ke gaban tagarka, wanda ka ɗauka da jajayen ganye, ka riƙa ɗaukarsa duk farkon wata daga tagar nan, kada ka canza wuri, kada ka bar waya ta yi maka gyara. Ni kuma na fara zagaye na biyu da gawo, na Janairu yana hannu, 'ya'yansa sun nuna sun murɗe, awaki suna tsaye a ƙasa suna jiran iska. Duk wata ka turo naka in turo nawa. In Allah ya kawo ka gida, ka yi ƙoƙari ya zama ƙarshen Satumba, ka samu ɗanyar gyaɗa da sabon gero, in kai ka kan ɗan dutsen nan da hantsi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ina ajiye masa tsohuwar wayata mai kyamara in ya zo. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka har kullum,
abokin kiwonka