Maganar da 'Yan Takara ke Kauce wa a Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce, na shekara 30 ina karɓar haihuwa kafin na yi ritaya. Ɗana ya nuna mini a waya yadda batun zubar da ciki ya raba kan Amurkawa tun da kotun ƙolinsu ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubarwa a Yunin 2022, har 'yan takara na neman ƙuri'a da shi. Na ce masa namu daban ne. Tun 1985 dokar Ghana ta yarda a zubar idan fyaɗe ne, ko lafiyar uwa na cikin haɗari, amma wa ya taɓa jin ɗan takara ya taɓo zancen a Zango? Tsoron malamai da fastoci ba zai bar su ba.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haihuwa kyauta da tsohon shugaban ƙasarmu Kufuor ya kawo a 2008. Bara na raka maƙwabciyata asibiti da tsakar dare, katin inshora a hannu, amma sai da muka sayo safar hannu, auduga da Dettol kafin a taɓa ta. Mijinta, bawan Allah, wajen mai shayi ya ciyo bashi.

Masu kawo mana shinkafa da atamfa lokacin zaɓe, wannan za mu tambaye su kafin 2028.

Wata tsohuwar ungozoma,
Nima, Accra