Wasiƙa ga aminiyata kan faratan 'yarmu

Assalamu alaikum Aminiyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin 'yar tamu? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga hoton hannunta da kika turo, na ga baƙaƙen layukan da suka miƙe a faratanta tun daga tushe har baki. Na kuma ji bayaninki kan duhun da ya fito a gefen harshenta da dasashinta. Amma inda gabana ya faɗi shi ne da kika ce kin ɗauke kafson maganin sikilarta kin daina ba ta. Don Allah ki saurare ni.

Maganin nan, haidroksiyuriya, shi ne yaron wajena yake sha saboda tasa sikilar. Shi ma bayan 'yan watanni faratansa suka yi layi-layi, gaɓoɓin yatsunsa da zanen tafin hannunsa suka ƙara duhu. Kakarsa ta riƙe hannun tana juyawa tana salati, ta ce lallai da hannun wani a ciki. Da muka je asibiti likita ya duba farcen ɗaya bayan ɗaya, ya sa ya buɗe baki ya haska, ya ce sanannen abu ne a wajensu. Maganin ne ke zaburar da sinadarin da ke ba fata launi, sai ya taru a farce da fata da cikin baki, kuma ya fi fitowa a jikinmu mu baƙaƙen fata. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba a ɗaukarsa, kuma ba alama ba ce ta cewa jini ya lalace.

Ki tuna yadda yarinyar nan take kafin a ɗora ta a kansa. Ki tuna daren sanyin da kike kirana tana ihun ƙashi, da yawon neman mai ba da jini. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje su toshe jijiya. Tun 1998 aka amince da shi a Amurka don masu sikila. A nan Kano ma an yi bincike a kansa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka ga yana rage wa yara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ni dai ban ga abin da zai sa in musanya wannan da kyan farce ba.

Na san abin da ke cin ranki. Budurwa ce, 'yan makaranta suna kallon hannunta suna tambaya, ita kuma tana dunƙule yatsu cikin hijabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenta, kada kowa ya ce mata shagwaɓa ce. Ki zaunar da ita ki gaya mata dalilin, ki bar ta ta sa lallenta in tana so. Sai dai idan ranar asibiti ta kusa a dakata da lallen, don likita ya ga farcen yadda yake. Man bilicin kuwa, Aminiyata, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Ba zai goge layin ba, fatar zai sirantar, wani ma har ƙoda yake taɓawa. Ta dai rage zama cikin tsakar rana.

Akwai abubuwan da ba a jira da su. In ta yi zazzaɓi, ko dasashi na zubar jini, ko gyambo ya fito mata a idon sawu, ko bakinta ya yi ƙuraje masu zafi har ta kasa cin abinci, a tafi asibiti a ranar. Haka in layi ɗaya a farce ɗaya ya riƙa faɗaɗa yana haurawa kan fatar gefe. Awon jinin da suke sa ku yi kuma kada ya wuce ku, da shi ake gane ko ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa, a rage mata maganin ko a ƙara.

Ki koma wajen likitanta cikin makon nan, ki faɗa masa gaskiyar kwanakin da ta yi ba ta sha ba, shi zai ce ga yadda za ta ci gaba. In kuɗin maganin ne ya yi nauyi, ki gaya mini ba tare da jin nauyi ba, 'yata ce ni ma.

Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce ina neman addu'a. Ina jiran jin yadda kuka yi da likitan.

Taki har kullum,
Aminiyarki