Zuwa ga Mamana, kan lissafin miƙaƙƙen layi

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Tunda WAEC ta ƙarato, ga abin da nake so ki riƙe game da tambayar aljabara da ake ba da ɗigo biyu, a ce a fitar da lissafin layin da ya ratsa su.

Abu biyu kacal ake nema: gangarar layin, wato m, da inda ya yanke layin y, wato c. Da kin same su sai ki zuba su cikin y = mx + c.

A ce an ba ki (2, 3) da (6, 11). Ki debe y daga y: 11 − 3 = 8. Ki debe x daga x: 6 − 2 = 4. Ki raba 8 gida 4, wato 8 a sama, 4 a ƙasa, m = 2. Wato duk taku ɗaya zuwa dama, layin ya hau biyu. Sai ki ɗauki ɗigon farko ki sa: 3 = 2(2) + c, don haka c = −1, amsa y = 2x − 1. Kada ki ajiye biro tukuna. Ɗigon da ya rage shi ne shaidarki. Ki sa x = 6: 12 − 1 = 11. Ya yi daidai. In bai yi ba, akwai kuskure a sama, ki koma.

Yawancin maki a wuri biyu suke zubewa. Na farko, juya tsari. In kin fara da 11 a sama, dole ki fara da 6 a ƙasa, don 'yan ɗigo ɗaya ne. Wanda ya rubuta 2 − 6 a ƙasa zai sami m = −2, layin da ke hawa ya koma mai sauka. Na biyu ya fi cin mutane, shi ne alamar ragi. Duba (−1, 4) da (3, −4). Sama: −4 − 4 = −8. Ƙasa: 3 − (−1) = 4, ba 2 ba. Mai gaggawa zai hadiye ragi ɗaya ya sami −4, alhali m = −2 ne, layin kuma y = −2x + 2. Ki riƙa sa lamba mai ragi cikin baka kafin ki debe, ko da kina ganin ɓata lokaci ne. Ba ɓata lokaci ba ne.

In m ta fito 2/3, kamar a (1, 2) da (4, 4), ki bar ta haka, kada ki mayar da ita 0.67, don amsar za ta kauce. A nan na fi son a ɗauki ɗigon farko da m a rubuta y − 2 = (2/3)(x − 1). Ki ninka ko'ina da 3, ki jera: 2x − 3y + 4 = 0.

Saura tarko ɗaya. In x ɗin duka ɗaya ne, kamar (5, 1) da (5, 9), ƙasa za ta ba ki sifili, kuma ba a rabawa da sifili. Layin a tsaye yake, amsarsa x = 5. In y ne ɗaya, layin a kwance yake, m = 0.

Ki rubuta kowane mataki a takardar amsa, don masu duba jarrabawa suna ba hanya maki, ba amsar ƙarshe kaɗai ba.

Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya ba da sa'a, ya yi miki albarka.

Mahaifinki